Rayuwar Mai Zanen Shimfiɗar Ƙasa: Misalin J. M. Bernatz da Darasinsa ga Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a dubi rayuwar mutumin da ya ɗauki zanen shimfiɗar ƙasa sana'a, a ga irin ilmin da sana'ar take bukata, sa'an nan a auna abin da za mu ƙaru da shi a makarantunmu, musamman a ƙasar Daura. Abin da muke nufi da zanen shimfiɗar ƙasa shi ne hoton da aka zana da hannu na wani wuri kamar yadda ido yake ganinsa: gona da daji, tudu da kwari, itatuwa, gulbi, sararin sama, da gari idan an hango shi daga nesa. Ya bambanta da taswira, domin ita taswira tana nuna wuri ne daga sama bisa awo, shi kuwa wannan zane yana tsayawa ne inda mutum ya tsaya.

Mun zaɓi Bajamushe Johann Martin Bernatz domin dalili guda. Daga hannunsa ne shahararren hoton birnin Kano na ƙarni na 19 ya fito, wanda ake ta bugawa cikin littattafan tarihinmu har yau, alhali kuwa shi bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Yadda haka ta faru, da abin da ya biyo baya, su ne jigon bayaninmu. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa zanen ƙasa shaida ne, kuma darajar shaida tana ga wanda ya tsaya a wurin ya gani da idonsa.

2.0 Matsayin wannan zane a wurinmu

Kafin mu shiga rayuwar Bernatz, ya kamata mu kawar da wani shakku da ɗalibai sukan zo da shi aji. Bahaushe ya daɗe da sanin zane. Akwai zanen bangon gida da na soro, da na ƙwarya, da na fata, da ɗinkin riga, da zayyanar allo. Galibin waɗannan ado ne na layuka da ƙulle-ƙulle, irin su dagi. Abin da bai yaɗu ba shi ne a zauna a kwaikwayi wani wuri takamaimai a kan takarda.

Ta fuskar addini kuwa, saɓanin malamai yana kan surar abu mai rai ne. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar sura ya nemi fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, sai ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan zanen shimfiɗar ƙasa shi ne reshen wannan fasaha da ya fi kowane sauƙin karɓuwa a tsakanin iyayen yara da malamansu.

Daɗin daɗawa, idon Bahaushe ba baƙo ba ne ga ƙasarsa. Sunayen garuruwa ma sun isa hujja. A cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, Mai'aduwa sunan itacen aduwa ta ɗauka, Ɓaure ma sunan itace ne, Zango kuwa masaukin ayarin fatake. Wato kakanninmu sun adana kamannin wuri a cikin suna. Sai dai suna ba ya faɗin yawan itatuwan, ko tsayinsu, ko abin da yake tsirowa a gindinsu.

3.0 Rayuwar Bernatz

An haifi Bernatz a garin Speyer na ƙasar Jamus a shekarar 1802. Ya yi karatun gini da zane a birnin Viyana, daga baya ya zauna a Munik, wadda a lokacin take cibiyar masu zane da masu ɗab'in hotuna. Rayuwarsa ta sana'a ta rataya ne a kan tafiye-tafiye biyu da kuma wani aiki guda da ya yi yana zaune a gida.

Tafiya ta farko ita ce ta 1836 zuwa 1837, lokacin da ya raka masani Gotthilf Heinrich von Schubert zuwa Gabas: Istambul, da Masar, da Dutsen Sina'i, da Falasɗinu. Aikinsa a ayarin shi ne zana wuraren da aka ratsa. A wancan zamani ba a fara ɗaukar hoto da na'ura a fili ba, domin sai a 1839 aka bayyana wannan fasaha ga jama'a a Faransa, kuma ta daɗe tana da wuyar ɗauka a doguwar tafiya. Saboda haka duk ayarin bincike yana bukatar mai zane kamar yadda yake bukatar jagora da tafinta.

Tafiya ta biyu ta fi tsanani. A 1841 gwamnatin Ingila da ke mulkin Indiya ta tura William Cornwallis Harris daga Bombai zuwa wurin Sarki Sahle Selassie na Shawa, a ƙasar Habasha, don ƙulla yarjejeniyar ciniki. Bernatz ya shiga wannan tawaga a matsayin mai zane. Hanyarsu ta tashi daga gaɓar teku a Tajura, ta ratsa hamadar Danakil, wadda tana cikin wurare mafi zafi a duniya, sa'an nan ta hau tsaunuka zuwa Ankobar. Tawagar ta kai har 1843. Bernatz ya dawo da tarin zane-zane na duwatsu, da tafkin gishiri, da kasuwanni, da ayarin raƙuma, aka kuma buga su a Landan a 1852.

Idan muka lura, tsakanin ganin wuri da fitowar littafin an yi shekara tara. Wannan ita ce rayuwar mai zanen ƙasa: gajeren lokaci a kan hanya cikin ƙishi da zazzaɓi, sa'an nan shekaru a ɗaki ana tace abin da aka tara. Bernatz ya rasu a Munik a 1878.

4.0 Yadda hoton Kano ya samu

A watan Maris na 1850 ayarin James Richardson, da Heinrich Barth, da Adolf Overweg ya tashi daga Tarabulus bisa kuɗin gwamnatin Ingila. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Agadas da Tasawa da Gazawa, ya iso Katsina a Janairun 1851, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Richardson ya rasu a 1851, Overweg kuma a 1852, Barth kaɗai ya koma Turai a 1855, bayan ya kai Barno da Adamawa da Sakkwato da Tambutu.

Barth masanin tarihi da harsuna ne, zane ba sana'arsa ba ce. Amma ya riƙa yin ɗanyen zane da fensir a littafin aljihunsa. Ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano daga can. A rubuce kuma ya bayyana gidajen ƙasa da bukkoki, da kududdufai, da filayen kiwo a cikin ganuwa, ya ambaci gwanda da dabino da alilliba da rimi. Ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu 30, ya ce sukan kai dubu 60 a lokacin hada-hadar fatauci.

Da aka zo buga littafinsa mai juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi, sai aka damƙa wa Bernatz waɗannan ɗanyun zane-zane don ya mayar da su cikakkun hotuna. Hotuna sittin ne masu launi suka shiga littafin, cikinsu har da na Kano daga Dala da na shigar Barth Tambutu a Satumbar 1853. Zaɓen Bernatz ba a kan kuskure aka yi shi ba: ya san raƙumi, ya san hasken hamada, ya san yadda kasuwar Afirka take cika.

Yana da kyau mu bayyana yadda ake ɗab'in irin waɗannan hotuna, domin a nan ne hannu na uku yake shigowa. Hanyar ita ce ɗab'in dutse, wadda Alois Senefelder ya ƙago a Munik a 1796. Ana samun wani farin dutse mai santsi, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo, a shafe shi da ruwan ƙaro da ɗan sinadari mai tsami, sa'an nan a jiƙa shi. Idan aka bi da tawada mai mai, sai ta kama inda aka yi zanen kaɗai, tun da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa. Sai a ɗora takarda a danne. Kowane launi da dutsensa, saboda haka launukan ba sa yawa. Ke nan hoton Kano da muke gani ya ratsa hannu uku: na Barth wanda ya gani amma bai ƙware a zane ba, na Bernatz wanda ya ƙware amma bai gani ba, da na mai ɗab'i wanda dutse da tawada suka iyakance shi.

5.0 Abin da hoton ya riƙe da abin da ya kuɓuce masa

Ba mu ce hoton ba shi da amfani ba. Ta dalilinsa ne muke iya ganin cewa a 1851 akwai fili da itatuwa masu yawa a cikin ganuwar Kano, a wuraren da yanzu gini ya haɗe. Haka kuma Barth ya yi wani abu da ya cancanci koyi, wato ya riƙa sa kwanan wata a zanensa, har aka buga hotunan da ranakunsu a ƙasa. Hoton da ba shi da rana ado ne kawai. Wanda yake da rana da sunan wuri ya zama takardar tarihi.

Amma akwai abubuwa uku da ɗanyen zane ba ya iya isar wa wanda bai zo ba. Na farko shi ne launi. Fensir ba ya nuna bambancin jan ƙasar marmara da farin yashin jigawa, balle hazon hunturu wanda yake mayar da sama fari-fari, ya shafe inda ta haɗu da ƙasa. Duk launin da Bernatz ya sa, daga bayanin Barth ya samo shi, ko daga abin da idonsa ya tuna na Habasha da Sina'i. Na biyu shi ne siffar itace. Ɗan ƙauye ba ya rikita dabino da giginya da goruba ko daga nesa: giginya tana miƙewa sak da kumburi a jikinta, goruba kuwa tana yin rassa. A ɗanyen zanen gaggawa, duk ukun suna iya zama sanda da ganye a ka. Na uku shi ne al'adar zanen Turai ta wancan zamani, wadda take son a sa 'yan mutane ko dabbobi a gaban hoto don ido ya auna nisa, a kuma daidaita itatuwa gefe da gefe don kyau. Mai kallo a yau ba shi da hanyar rabe abin da aka gani da abin da aka ƙara sai ya koma ga rubutun.

Kada kuma mu manta da wanda aka yi wa hotunan. Tawagar Harris da ta Richardson duka neman hanyar ciniki da yarjejeniya suka fito yi wa Ingila. Masu sayen littafin mutanen Landan ne da Jamus. Abin da ya ja hankalinsu, wato manyan birane da kasuwanni da fadar sarakuna, shi aka zana. Gonar talaka da rijiyar ƙauye ba su sami rabo mai yawa ba.

Hanyar Barth ba ta biyo ta Daura ba. A 1851 ta Tasawa ya shigo Katsina, a 1853 kuma daga Damagaram ya sake komawa Katsina. Saboda haka babu Daura ko ƙauyukanta a cikin hotunan nan sittin. Abin sha'awa shi ne, a cikin ayarin akwai ɗan wannan yanki. Dorugu, yaron da Overweg ya 'yanta daga bauta, daga Dambanas yake, kusa da Kance, ƙetaren iyaka kaɗan daga Mai'aduwa. Ya bi Barth har Tambutu, ya je Ingila da Jamus, ya ba J. F. Schön labarin tafiyarsa da Hausa, aka buga shi a 1885, ya kuma rasu a Kano a 1912. Akwai hotonsa tare da abokinsa Abbega a littafin Barth. Labarin Dorugu ya nuna cewa Bahaushe matafiyi yana da ido mai lura. Kayan aikinsa dai harshe ne, ba wanda ya ba shi fensir.

6.0 Dalilin gaggawa a ƙasar Daura

Wani zai ce, ai tun 1955 akwai sashen koyon zane a Zariya, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, inda kuma Jimo Akolo ya yi karatu ya koyar shekaru masu yawa. Gaskiya ne, kuma waɗannan sun nuna cewa ɗan ƙasa zai iya zana ƙasarsa da idonsa. Amma ɗalibin da kwalejojinmu na ilmi suke yayewa, wanda zai koma Mai'aduwa ko Sandamu ya koyar a firamare, galibi abin da aka koya masa shi ne ya kwafi hoto daga littafi. Wato muna maimaita matsayin Bernatz, alhali mu ga ƙasar nan a ƙofar ajinmu.

Ita kuwa ƙasar ba ta tsaya jiranmu ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe dabbobi da itatuwa a duk faɗin yankin. Darbejiya, wadda baƙuwa ce daga Indiya da aka shigo da ita a zamanin Turawa, ta mamaye bakin hanya da kasuwa. Garuruwa suna cinye gonakin da ke kewaye da su. A 2021 an ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda hanyarsa ta biyo ta Kazaure da Daura da Katsina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya abin da ido yake gani.

Misali mafi kusa da mu yana ƙetaren Kwangwalam. A yankunan Matamai da Magarya da Mirya, da kuma jihar Maraɗi, manoma sun koma barin tohon itace a gonakinsu, musamman gawo, tun daga shekarun 1980. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan sun ƙiyasta cewa wannan dabara ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Jamhuriyar Nijar. An tabbatar da wannan ne ta hanyar gwama hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000. Ba don tsohon hoto ba, da aikin waɗannan manoma ya tsaya a matsayin zance. To mu a wannan gefen iyaka, da me za mu gwada wa jikokinmu yawan aduwar da ta sa aka kira garin Mai'aduwa?

Tambayar da za ta biyo baya mun san ta: ina amfanin fensir tun da kowa yana da waya mai ɗaukar hoto? Amsarmu ita ce a yi amfani da duka biyun, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Waya tana ɗaukar abin da ke gabanta cikin ƙiftawar ido ko mai ita bai duba ba. Wanda ya zauna sa'a biyu yana zana gawo, dole ya ƙirga rassansa, ya lura cewa yana kaɗe ganye da damina lokacin da sauran itatuwa suke kore, ya sake tohowa da rani, ya kuma ga yadda geron da ke gindinsa ya fi na nesa da shi ƙarfi. A nan darasin zane ya zama darasin aikin gona da na labarin ƙasa. Ilmin yana zama a kan yaron ko da takardar ta ɓace.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba sassan koyar da zane na kwalejojin ilmi waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, kowane ɗalibi ya zaɓi wuri guda a garinsu, ya tsaya a daidai wannan wuri ya zana shi sau huɗu a shekara: da bazara, da damina, da kaka, da hunturu. A Mai'aduwa ana iya ɗaukar gefen karar shanu ranar Lahadi, ko wata fadama, ko gona mai gawo a kan hanyar Kwangwalam.

Na biyu, a bayan kowace takarda a rubuta sunan wuri, da rana, da lokaci, da fuskar da aka dosa, gabas ko yamma, da sunan kowane itace da Hausa. In ɗalibi bai san sunan ba, ya tambayi mai gonar. Haramun ne a wannan aiki a ƙara itacen da babu shi don hoto ya yi kyau.

Na uku, kada tsadar kayan aiki ta zama uzuri. Gawayi, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da shuni, da tawadar allo duk suna nan. Ƙaron da ake sayarwa a kasuwanninmu shi ne abin da masana'antun Turai suke haɗa fentin ruwa da shi, shi ne kuma aka shafa wa duwatsun da aka buga hotunan Bernatz.

Na huɗu, kwaleji ta ware akwati a laburare ta riƙa ajiye zaɓaɓɓun zane-zanen kowace shekara, a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta. Bayan shekara ashirin, ɗaliban wancan lokaci su koma wuraren su sake zanawa.

8.0 Kammalawa

Mun bi rayuwar Bernatz daga Speyer zuwa Sina'i da Habasha, muka ga yadda ƙwarewar da ya samu a kan hanya ta sa aka ba shi amanar zana ƙasar da bai gani ba. Mun nuna abin da wannan hoto ya adana mana na Kano, da abin da ya kasa adanawa, da kuma cewa ƙasar Daura ba ta shiga ciki ba sam. Tafiyar da mai zanenmu yake bukata ba ta kai ta Bernatz nisa ba. Daga Daura zuwa Mai'aduwa, zuwa Zango, zuwa Ɓaure, tafiyar yini ce. Abin da ya rage shi ne malami ya fitar da ajinsa waje, ya zaunar da su a inuwa, ya ce su zana abin da yake gabansu, su kuma sa kwanan wata. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a shigar da wannan aiki cikin manhajar horar da malamai.